Zango da Turke: Bagobiri da Neman Mazauni a Birni



Maganar da wannan lacca za ta duba ƙarama ce a ido, amma tana da nauyi ga wanda ta faɗa wa. Ita ce: idan mutumin karkara ya taso da iyalinsa da 'yan dabbobinsa zuwa babban birni, alhali abin hannunsa bai taka kara ya karya ba, a wace unguwa zai sauka? An zaɓi ƙasar Gobir ta gabashin Jihar Sakkwato, watau Sabon Birni da Isa, domin a kafa misali da ita, saboda mutanenta sun daɗe da sanin hanyar birni, sa'an nan kuma a 'yan shekarun nan an tilasta wa da yawa daga cikinsu bin wannan hanya ba da shiri ba.

Ya kamata a fara da harshe. A biranen Ingila da Amurka, mai neman hayar gida yakan tambaya tun farko ko mai gida ya yarda a shigo da kare ko kyanwa, har akan rubuta amsar a cikin tallar gidan. Turanci yana da kalma guda wadda ta keɓanta ga dabbar da ake ajiyewa don ɗebe kewa kawai. Hausa ba ta da irin wannan kalma. Abin da take da shi shi ne dabba, da bisa ko bisashe kamar yadda ake cewa a Hausar yamma, da kuma dukiya, wadda a bakin makiyayi ba ta nufin kome sai abin da ke cikin garke. Kada a ɗauka rashin kalmar yana nufin rashin shaƙuwa. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana yi wa akuyarta faɗa kamar jikarta, ko yaro yana kwana da tunanin tantabarunsa, ko maharbi yana raba ɗan guzurinsa da karensa, ya san akwai ƙauna a wurin. Sai dai Bahaushe bai raba ƙaunar da amfanin ba. A turke ɗaya ya ɗaure su. Saboda haka tambayar da Bature yake yi don jin daɗin ransa, Bagobiri yana yin ta ne don abincin gidansa.

Ƙasar da ake magana a kanta tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a kwarin Gulbin Rima da rassansa. A nan ne Alƙalawa take, birnin sarakunan Gobir, wadda mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci a shekarar 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wani reshe na gidan sarautar ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma, a rabi na biyu na ƙarni na 19, Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Hakimin Isa ma sarautar Sarkin Gobir yake riƙe da ita. Abin lura a wannan taƙaitaccen tarihi shi ne, jama'ar wurin sun sha rushe gari su sake kafa wani, kuma iyakar da Turawa suka shata ta ratsa tsakiyar dangi ɗaya. Ƙaura ba baƙuwar aba ba ce a gare su.

Idan aka shiga gidan talaka a ƙauyukan wannan yanki, aka zarce zaure, abin da za a fara cin karo da shi shi ne turakun awaki. Mafi yawansu jajaye ne, irin da masana kiwo suke kira jar akuyar Sakkwato a wannan ɓangare, jar akuyar Maraɗi a wancan. Fatarta ce aka daɗe ana jemewa ana ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta can take isa hannunsu. Waɗannan awaki, galibinsu na mata ne. Da su mace take yin biki da suna, da su take tara kayan ɗakin 'yarta, su take sayarwa in yaro ya kwanta ciwo ko hatsin rumbu ya ƙare kafin kaka. Mai gida yana da jakinsa, wataƙila da shanun huɗa biyu, da ragon da ya turke don layya. Yara suna da kaji da zabi da tantabaru. Kyanwa, wadda mutanen wurin suke kira mussa, tana tsaron rumbu daga ɓeraye, kare kuma yana bakin danga. Kowace dabba da mai ita, kowace da aikinta. Wanda ya ce wa irin wannan gida ya tashi ya bar dabbobinsa, ya ce wa matan gidan ne su tashi su bar asusunsu.

A da, wannan matsala ba ta cika tasowa ba, domin tafiyar da aka sani ita ce cin rani. R. M. Prothero ya yi nazarin ƙididdigar masu fita daga Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, ya buga sakamakon a 1959, ya kuma nuna cewa maza ne suke fita bayan an kawar da amfanin gona, su nufi kudancin Nijeriya da ƙasar da ake kira Gana a yau, su komo kafin shuka. Ɗan cin rani ba ya neman unguwa. Yana kwana a zauren wani, ko a shagon ɗan garinsu, ko a tasha, mata da yara da bisashe suna gida. Ko farin 1972 zuwa 1974, wanda ya hallaka dabbobi masu yawa, bai kawar da wannan tsari ba; da ruwa ya sauka, mafi yawan waɗanda suka fita sun koma.

Abin da ya sāke shi ne rashin tsaro. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 70 a rana guda a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙone wata mota cike da fasinjoji a kusa da Gidan Bawa, fiye da mutum 20 suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a wurare kamar Garin Kaka da Cadakori. Wasu kuma suka bi hanyar Goronyo da Acida zuwa birnin Sakkwato, ko suka zarce Kano. Waɗannan ba 'yan cin rani ba ne. Gida ne sukutum ya taso, da tsofaffi da goyo, da abin da ɓarayi suka rage na dabbobi.

To, yaya birnin Hausa na dā yake karɓar irin wannan baƙo? Amsar tana cikin ginin birnin kansa. Ganuwa ba gidaje kaɗai take kewayewa ba. Sa'ad da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa wanda babu gini a kansa, gonaki ne da makiyaya da kududdufai, domin masu birnin sun yi tanadin ranar da za a rufe ƙofofi, mutanen karkara su shigo da dabbobinsu. Watau an gina birnin ne da sanin cewa wata rana ɗan gudun hijira zai zo, kuma ba shi kaɗai zai zo ba. Ban da wannan akwai zango, inda ayari yake sauke kaya, da rijiya da wurin ɗaure raƙuma da jakuna. Fagge ta Kano daga irin wannan masauki ta tashi. Sunayen unguwanni ma suna ba da labari: Agadasawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Gobirawa a ƙasar Dala. Baƙo ba ya yawon neman ɗaki. Yana tambayar inda mutanen garinsu suke ne, su kuwa su kai shi ga mai unguwa. A Sakkwato, unguwar da Shehu ya sauka a cikinta sa'ad da ya taso daga Sifawa a 1815, ita ma Sabon Birni ake kiranta, ko da yake ba ta da wata alaƙa da ta Gobir sai ta suna.

Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda suka je. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya bayyana yadda mai gida yake saukar da falken shanu, ya ba shi ɗaki da abinci, ya nema masa dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayar da shanun bashi. Polly Hill ta ga irin wannan a kasuwar shanu ta Kumasi. A Ilori har yau akwai sarautar Sarkin Gobir, ga kuma wasan barkwanci da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, wanda ya sha buɗe wa Bagobiri ƙofar da kuɗi ba za su buɗe ba. A cikin wannan tsari duka, dabbar baƙo ba kaya ba ce a wuyan mai masauki. Riba ce. Yana samun la'ada in an sayar, yana samun taki in an ajiye. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda jakuna suke shiga birni da itace su fito da taki zuwa gonaki. Kashin akuyar birni haja ne mai kasuwa, saboda haka babu mai gidan da zai ƙi akuya.

Zuwan Turawa ya kawo wani tunani dabam. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta raba mazauni kashi-kashi: unguwar Turawa, da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa, da Sabon Gari na baƙi 'yan kudu, da su Tudun Wada na baƙi 'yan arewa, sa'an nan tsohon birni a hannun Sarki. A cikin sababbin unguwannin an yanka fuloti ne da ma'aunin ma'aikaci mai albashi, wanda ba shi da turke ba shi da rumbu. Daga nan gidan haya ya samo asali, watau dogon gida mai ɗakuna a jere suna kallon juna, da tsakar gida wadda ba ta fi ta shanya ba, da bayan gida ɗaya na kowa da kowa. Abin dariya a nan, in abin dariya ne, shi ne gidajen da suke da filin da zai ɗauki garke guda su ne na unguwar Turawa, inda manyan ma'aikata suka gāda, kuma a can ne ake ganin dawaki da barewa da ɗawisu. Mai akuya biyar wanda rayuwarsa ta rataya a kansu, shi ne aka bar wa ɗaki ɗaya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, kuma samun takardar shaidar mallaka ya zama aikin mai hali da mai hanya. Talakawa sai suka koma sayen gonakin bakin gari, ana yanka musu da igiya, abin da mutanen Kano suke kira awon igiya: babu titi na kirki, babu magudanar ruwa, babu famfo.

Yanzu a ɗauki misalin magidanci daga wani ƙauye na ƙasar Isa, ya iso Sakkwato da mata da 'ya'ya, da awaki biyar, da tunkiya, da kwandon kaji. Wuraren da ke gabansa iri uku ne, ko da yake ba daidai suke a buɗe ba. Tsohon gari, wajen su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya, mutanensa sun saba da dabba, akuya tana yawo a lungu ba mai ɗaga kai, ga kasuwa da Kara kusa. Amma gidajen gādo ne, sun cika sun batse, wanda ba shi da ɗan'uwa a ciki da wuya ya sami ɗaki. Unguwannin da suka bunƙasa daga baya, irin su Mabera da Minanata da Runjin Sambo da Arkilla, akwai ɗakunan haya, amma kuɗin shekara ake nema a dunƙule, ga la'adar dillali, kuma mai gidan da ya shafe tsakar gidansa da siminti ba ya son jin kukan ɗan akuya. Saura bakin gari: wajen More, ko Kwannawa a hanyar Gusau, ko Kalambaina da Dundaye. A can haya tana da sauƙi, akwai fili, maƙwabta ma rabinsu manoma ne. Duk mai ba da shawara zai ce masa ya nufi can, kuma mafi yawan lokaci shawarar daidai ce.

Sai dai arahar bakin gari tana da ɓoyayyen lissafi, kuma a nan ne baƙo yakan faɗi. Na farko ruwa. A ƙauyensu yana da rijiya da gulbi. A nan sai ya saya daga 'yan garuwa, jarka-jarka, a garin da zafinsa yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma dabba ba ta san an yi tsada ba. Sa'an nan abinci. Harawa da karmami da dusa da ƙaiƙayi, waɗanda a gida daga gonarsa suke fitowa kyauta, a birni ɗauri-ɗauri da kwano-kwano ake sayar da su, farashinsu kuma yana hawa tun daga tsakiyar rani har ciyawa ta fito. A ƙauye da damina akwai yaron da yake bi gida-gida da safe yana kiran a sako, ya tattara awakin unguwa ya kai su daji, a biya shi ɗan abin da aka yi yarjejeniya. A birni babu shi. Akuyar da aka saka don ta nemi na kanta, bola za ta nufa, kuma abin da ya fi yawa a bola shi ne leda. Likitocin dabbobi, har da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san wannan ciwo sarai: leda tana taruwa a tumbi ta dunƙule, dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana zaton sammu ne ko tsutsar ciki, sai an yanka a ga abin da ya kashe ta.

Na uku sufuri. Mutumin da ba shi da gona a birni, da ƙarfinsa zai ci: dako a kasuwa, ko leburanci a wurin gini, ko tallan ruwa. Duk waɗannan a tsakiyar gari suke. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin kabu-kabu ya ninka, har ya zama abin da mutum ya rage a kuɗin haya yana iya ƙarewa a kan hanya kafin shekara ta zagayo. A dā jaki ne maganin wannan, amma jaki ya yi tsada tun da aka shiga fataucin fatarsa zuwa ƙasar Sin, cinikin da sai a watan Fabrairu na 2024 Tarayyar Afirka ta yanke shawarar hana shi. Na huɗu kuwa, ƙasa mai araha sau da yawa tana da dalilin araharta. Wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin jami'a na dindindin, ya san abin da Rima take yi wa wanda ya yi gini a gadonta. Da rani fadama da tudu duk ɗaya suke a idon baƙo, dillali kuwa ba aikinsa ba ne ya nuna masa bambancin.

Akwai kuma maƙwabci, wanda ya fi duk waɗannan wuyar lissafi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan na ƙarni na 10, wanda kowane almajirin ilmi a ƙasar Hausa yake karantawa, ya kawo hukuncin ɓarnar dabbobi a gonaki: abin da suka ɓata da dare masu su ne za su biya, na rana kuwa babu biya, domin da rana mai gona ne ya kamata ya tsare gonarsa. Wannan hukunci ya dace da ƙauye, inda kowa ya san lokacin ɗaure dabba da lokacin sakinta. A gidan haya babu gona, amma akwai garin tuwo da aka shanya, da kayan wanki, da littafin ɗan makaranta, kuma babu wata ƙa'ida da kowa ya yarda da ita. Rigimar da takan kori baƙo daga gida ba kasafai take tasowa daga mai gida ba. Daga matan da suke tarayya a tsakar gida ɗaya take tasowa. Ba laifinsu ba ne. An haɗa mutum goma sha a filin da aka auna don mutum huɗu, sa'an nan aka ƙara musu akuya.

Batun kare ya fi tsauri. Littafin da aka ambata ya hana ajiye kare a cikin gidaje, sai na tsaron dabbobi ko shuka ko na farauta, ko da yake a mazhabar Malikiyya ba a ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba. Masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, da aka yi masa magana sai ya nuna cewa da Imamu Malik ya ga irin wannan zamani, da abin da zai ajiye ya fi kare ban tsoro. Mutumin da ya fito daga ƙauyen da haushin kare ne yake ba shi damar tserewa kafin mahara su iso, ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan labari. Amma unguwar birni mai cunkoso ba za ta karɓi karensa ba, kuma tana da hujja, saboda ciwon haukan kare yana nan, in ya bayyana a jikin mutum kuwa babu magani. Wanda ya nace sai ya riƙe karensa, ba shi da wuri sai bakin gari, kuma wajibi ne ya kai shi a yi masa allurar rigakafi, ya kuma adana takardar. Kyanwa da tantabara ba su da wannan matsala. Tantabara ma ita ce dabbar da ta fi dacewa da talakan birni: tukunya ko tsohon kwali a kan katanga ya ishe ta, ba ta taka tsakar gidan kowa.

Wani abu kuma sabo, wanda tsofaffin littattafai ba su san shi ba, shi ne zargi. Da yake satar dabbobi ita ce jarin 'yan bindiga, duk wanda ya fito daga gabashin Sakkwato yana kore da bisashe, ana yi masa kallo biyu: ko na sata ne, ko kuwa shi ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, abin da ake kira infoma. Mutumin da aka kora daga gidansa sai ya wayi gari yana rantsuwa a kan akuyar matarsa. A nan ne tsohon tsarin zango yake da sauran amfani. Baƙon da ya zo ta hannun ɗan garinsu wanda ya daɗe a unguwa, aka kai shi gaban mai unguwa da liman, aka faɗi sunan ƙauyensu da na hakiminsu, ya sami abin da kuɗin haya ba ya saye. Wanda ya bi ta hannun dillali kaɗai, ranar da akuyar wani ta ɓata a unguwar, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Waɗanda ba su da ko kuɗin ɗaki ɗaya sukan shiga kangaye, watau gidajen da aka fara ginawa ba a gama ba, su zauna da sunan gadi. Ta wata fuskar kango ya fi gidan haya dacewa da mai dabba, domin akwai katanga, akwai fili, babu abokin tarayya. Amma zama ne na jiran sallama. Ranar da mai gini ya sami kuɗin kwano, ranar za a tashi. Wasu kuma suna taruwa a wurare irin su Ramin Kura a cikin birnin Sakkwato, inda mutum ma da ƙyar yake samun wurin shimfiɗa tabarma. A irin wannan hali dabbobin sukan tafi ɗaya bayan ɗaya. Dillalan Kara sun san fuskar mai gaggawa, kuma farashin da ake yi wa mai gaggawa dabam ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kuɗin akuyar da aka sayar don biyan haya daga hannun mace suka fita, ɗakin da aka kama kuwa da sunan miji aka rubuta shi. Ta haka ƙaura zuwa birni take mayar da matar da take da abin kanta ta koma mai jiran a ba ta. Masu rabon agaji suna ƙidaya buhunan shinkafa da barguna, amma ba a cika jin wanda ya ƙidaya turakun da suka zama wayam ba.

Akwai wata tsohuwar dabara da wasu suke komawa gare ta, ita ce ba da kiwo. Mace takan kai akuyarta wurin 'yar'uwarta a wani gari mai sauran kwanciyar hankali, a yi sharaɗin yadda za a raba 'ya'yan da za ta haifa. Fulani suna da irin wannan al'ada da suke kira haɓɓanaye, wadda ƙungiyoyin agaji a Nijar suka ara suna mayar wa mata da awaki bayan fari. Gida biyu maganin gobara, in ji Hausawa, ko da yake a wannan zamani gobarar takan ci gidajen biyu. Wanda ya rage dabbobinsa zuwa abin da ɗakinsa zai ɗauka, ya riƙe uwar akuya ɗaya ko biyu, ya turke rago ɗaya don kasuwar babbar salla, ya fi wanda ya nace sai ya riƙe duka kusa da tsira da wani abu.

Hukumomin tsara birane suna da nasu rabon a wannan magana. Idan aka duba taswirar sabuwar unguwa, za a ga an ware wurin masallaci da makaranta da kasuwa da asibiti, amma ba a ware ko taki ɗaya don dabba ba, kamar dai masu zanen ba su taɓa jin kukan rago a gidajen iyayensu ba. Ba wani abu mai tsada ake bukata ba. Fili ne mai katanga a kowace unguwa ta bakin gari, da rijiyar burtsatse da kwamin shan ruwa, a hannun mai unguwa, da makiyayi ɗaya wanda masu dabbobi za su riƙa biya, da ranar da malamin dabbobi zai riƙa zuwa. Takin da zai taru a wurin, masu lambun albasa da tumatir na fadamar Rima za su saye shi.

Kafin a kai ga wannan, abin da ya rage wa mai ƙaura shi ne ya iya bincike. In hali ya yi, mai gida ya riga iyalinsa zuwa, ya sauka wurin mutanen garinsu, ya ga unguwar da damina, ko kuwa ya dubi gindin katangu ya ga inda ruwan bara ya tsaya. Ya tambayi kuɗin jarkar ruwa a watan Afrilu, ba a watan Agusta ba. Ya taka da ƙafarsa daga ɗakin zuwa inda zai riƙa neman aiki, ya ga ko tafiyar za ta yiwu kullum ba tare da hawa babur ba. Ya duba lungu ko akwai kashin awaki a ƙasa da ɗaurin harawa a kan rufi, domin unguwar da take da su ta riga ta amsa tambayarsa. Sharaɗin dabba kuwa a faɗe shi a gaban shaidu kafin kuɗi su fita daga aljihu, a ambaci irinta da adadinta da inda za a kafa turke. Sa'an nan ya tura matarsa ta shiga cikin gidan ta gaisa da matan da za ta zauna da su, ta ji ta bakinsu, tun da su ne za su kwana su tashi da akuyar, dillali kuwa da ya karɓi la'adarsa ba za a sāke ganinsa ba sai wata shekara.